Turanci Ba Koto Ba Ne

Ina godiya ga masu kula da wannan zaure da suka ba ni filin wannan mako. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gabatar da kaina yadda nake. Ni Bahaushe ne, Kirista, na tashi a Dauran ta ƙasar Zurmi, kuma na yi shekara huɗu a Maraɗi ina aikin mishan, ina koyar da Turancin Ingilishi. Na san mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, kuma ban zo yi wa kowa wa'azi ba. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, wadda ta bi ni tun ranar da na ɗauki alli a can: idan ɗan mishan ya buɗe ajin Turanci, me yake sayarwa, kuma mai saye ya san abin da yake saye?

Wannan tambaya ta girme ni nesa ba kusa ba. Ku dubi kalmar Nasara. Daga Larabci ta zo, ma'anarta mabiya Almasihu, amma a bakin Bahaushe ta koma sunan kowane Bature, ko da bai taɓa leƙa coci ba. Harshenmu da kansa ya ɗaure abu uku da igiya ɗaya: farar fata, Turanci da addinin Kirista. Kuma akwai dalili. A 1900 Bishop Tugwell da mutanensa suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Ɗaya daga cikinsu, Likita Mila, ya shiga birnin Zariya a 1905 da magani da makaranta, kafin a mayar da aikin Wusasa a 1929. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, don haka shekara da shekaru ƙasashen sarakunan Musulunci a rufe suke ga 'yan mishan. Da aka sassauta a shekarun 1930, ta ƙofar jinya suka shigo: Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, duka wuraren jinyar masu cutar kuturta ne da mishan ta SIM ta riƙe. A tsallaken iyaka ma haka abin yake. SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri da Maraɗi, sannan asibitin Galmi a 1950. Allura a hannun dama, littafi a hannun hagu. Saboda haka in dattijo ya ga ɗan mishan da alli ya ce wa jikansa ya yi hankali, ni ba na kiran wannan jahilci. Tarihi yake karantawa.

Babana malamin asibiti ne, mutumin kudancin Katsina, aiki ya kai shi Dauran ya zauna har ya yi furfura. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a unguwarmu. Ranar Lahadi mukan shiga mota zuwa Ƙauran Namoda yin sujada, domin can ake da majami'u tun bayan da jirgin ƙasa ya iso garin a 1929 ya kawo ma'aikata daga kudu. Da babbar sallah maƙwabta su aiko mana da nama. Da Kirsimeti kuma mamata ta sa a kira mahauci Musulmi ya yanka akuya a gaban kowa, don duk wanda aka kai wa kwano ya ci ba tare da shakka ba. A wannan yankan na fara koyon abin da ya zama ginshiƙin aikina: in za ka ba mutum abinci, ka ba shi wanda ya san abin da ke ciki.

Da ikkilisiyarmu ta ce za ta aike ni ƙasar waje, abokaina na Dauran dariya suka yi. Maraɗin ce ƙasar waje? Daga Zurmi ka bi ta Gurbin Ɓaure ka faɗa Jibiya, ka ƙetare ta Magama zuwa Ɗan Isa, kafin la'asar kana Maraɗi, a lokacin da hanyar ke biyuwa ke nan. Mutanen Nijar suna cika kasuwar Shinkafi kowace Alhamis. Ruwan Gagare da na Bunsuru da ke ratsa ƙasarmu, da ruwan Gulbin Maraɗi, duk a gulbin Rima suke haɗuwa. Gobirawan da suka kafa Tsibiri jinin Alƙalawa ne, wadda ta faɗi a 1808, kuma Namoda da Ƙaura ke amsa sunansa yana cikin mayaƙan da suka ci ta. Hausarsu da tamu ta ƙauye kusan ɗaya ce: mi kaka so, shina nan, wanga, mu tahi. Sai da na zauna na gane cewa iyakar tana kan takarda. Makaranta lakwal ce, malami mushe, littafin rubutu kaye, alƙalami bik, kuɗi sefa, ana lissafinsu da dala da jika. In mutum ya ce maka yana jin Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. Namu, sai ka ce Ingilishi za a gane.

Na isa a 2017, shekara biyu bayan tarzomar watan Janairun 2015, lokacin da zanen ɓatanci na wata mujalla a Faransa ya jawo aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Kiristocin Nijar 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma na iske tabon bai warke ba. Duk da haka ƙishirwar Ingilishi ta fi tsoro ƙarfi. Akwai 'yan kasuwa masu zuwa Legas da Dubai da ƙasar Sin, waɗanda suka gaji da biyan tafinta, suka gaji da sa hannu a takardar da ba su san me ta ƙunsa ba. Akwai 'yan makaranta, domin a can sai an shiga sakandare ake fara Ingilishi, kuma yana jiransu a jarrabawa. Akwai masu son shiga jami'o'in Najeriya, ko jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a cikin Maraɗin a 2013, inda da Ingilishi ake karatu. Akwai kuma masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji. Kowa da buƙatarsa, kuma babu ko ɗaya da ya zo neman sabon addini.

Cikin watan farko wasu baƙi, 'yan uwa a bangaskiya, suka zo daga ƙetare don taya mu tsara aikin. Sun zo da littattafai masu kyau da tsari a rubuce. A kafa allo a ƙofa a ce ajin Ingilishi kyauta, kada a ambaci coci. Darasin karatu ya zama labarai daga Linjila cikin sassauƙan Turanci. In an yi wata uku, a fara gayyatar waɗanda suka saki jiki zuwa shan shayi da nazari. Mutanen kirki ne, sun baro gidajensu da jin daɗinsu, kuma sun ce tsarin ya yi aiki a wasu ƙasashe. Ɗayansu ya ce Turanci gada ce. Ni kuwa na taso ina ganin masunta a gulbi, na san bambancin gada da ƙugiya. Mai hawa gada ya san inda ta nufa tun bai sa ƙafa ba. Ƙugiya kuwa sai an lulluɓe ta da koto, domin in kifi ya gan ta ba zai haɗiya ba.

Na ba su amsa biyu. Ta farko daga cikin addininmu take. In abin da nake ɗauke da shi gaskiya ne, to ba ya buƙatar in saka masa rigar aro, kuma Almasihun da nake bi a fili ya yi koyarwarsa, a majami'a da bakin ruwa da kan hanya, wanda ya so ya tsaya, wanda bai so ba ya wuce. Ta biyu daga ƙasarmu take. A garin da kowa ya san kakan kowa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da wani uba zai buɗe kayen ɗansa ya sa a fassara masa abin da ke ciki, su baƙin suna gida tuni, domin tikitinsu na mako biyu ne. Wutar za ta sauka ne a kan tela Kirista da ke bakin kasuwa, da ungozoma Kirista da ke asibiti, waɗanda ba su da wani gari sai wannan. Ba mu rabu baran-baran ba, amma littattafansu a kwali suka zauna.

Ga yadda na tsara abina. Kafin in buɗe ƙofa na je wajen mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, na gaishe su na ce: ni Kirista ne, coci ce ta aiko ni, kuma ita ke biyan hayar ɗakin nan. A ranar farko ta kowane sabon aji haka nake faɗa, in yaro ne kuma sai na ga ubansa ko wanda ke riƙe da shi na gaya masa da bakina. Na biyu, a cikin awa ɗaya da rabi ta darasi babu abin da ake yi sai Ingilishi. In lokacin salla ya yi a tashi, buta da tabarma suna nan a baranda. Wanda ke da tambaya kan addinina ya san gidana, ya san ƙarfe nawa muke sujada ran Lahadi, ƙafarsa ce za ta kawo shi. Na uku, na sa kuɗin makaranta, jika ɗaya a wata. Wannan ne ya fi ba 'yan uwana mamaki, suka ce ina aka taɓa aikin Allah da kuɗi? Na ce Bahaushe ya riga ya ba da amsa: in baki ya ci, ido kan ji kunya. Mutumin da ka koyar kyauta wata shida, ranar da ka gayyace shi wani wuri nauyinka zai hana shi cewa a'a, kuma “to” ɗin da kunya ta haifa ba amincewa ba ce. In ya biya, ba na bin sa komai. Ni ne ma yake bi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai na ba shi Ingilishin da ya biya dominsa, cikakke.

Aikin kansa kuwa yana da daɗi, kuma ku marubuta za ku fi kowa gane daɗinsa. Ranar farko nakan ce wa ɗalibai su lissafa mini: tebur, bokiti, asibiti, makaniki, direba, kafinta, birki, sitiyari, burodi. Sai in ce to, kun riga kun mallaki ɗaruruwan kalmomin Ingilishi, Bahaushe ne kawai ya yi musu kaciya ya raɗa musu suna. Daga nan sai mu bi sawu mu ga abin da bakinmu ya yi musu. Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso, sai ta cusa wasali a tsakani, shi ya sa birki da burodi suka fi na asali tsawo. Wanda ya gane haka ya san inda harshensa zai yi tuntuɓe tun bai kai wurin ba. Matsalar “p” da “f” kuwa da ashana muka yi maganinta: a kunna a riƙe a gaban baki, in ka furta na farkon daidai iska za ta fashe ta kashe wutar, in na biyun ne wutar za ta kwanta kawai. Manyan alhazai suna hura ashana suna dariya kamar yara.

'Yan lakwal nasu ciwon daban ne. Faransanci ya koya musu haɗiye harafin “h” da barin baƙin ƙarshe, kuma duk kalmar da ta yi kama da ta Faransanci sai su furta ta da muryar Faransa. Sannan akwai abin da ya haɗa kowa: a Hausa komai ko shi ne ko ita, tebur shi, mota ita, amma Ingilishi yana da kalma ta uku ga abin da ba mutum ba, kuma sai a yi watanni mota tana amsa sunan mace a ajina. Waɗanda suka fi burge ni su ne dattawan da ba su taɓa shiga lakwal ba sai makarantar allo. Hadda a wurinsu kamar shan ruwa. Wani mai sayar da hatsi, wanda nake kira Alhaji shi kuma yake kirana mushe, ya ƙirƙiro dabararsa: a ƙarƙashin kowace kalmar Ingilishi sai ya rubuta yadda ake furta ta da ajami, da wasullanta. Da na duba sai na ga ajamin ya fi rubutun Ingilishin gaskiya, domin abin da aka rubuta shi ake faɗa. Daga baya duk masu allo na ajin suka ɗauki dabarar.

Abin karantawa kuma daga aljihunsu nake samo shi: rasit, takardar cikin kwalin magani, saƙon waya daga dillali, takardar neman aiki. Na kuma juya tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi zuwa sassauƙan Ingilishi. Tun da kowa ya san yadda labarin zai ƙare, hankalinsu sai ya koma kan yadda aka faɗe shi.

Kada ku ɗauka wannan hanya ba ta da tsada. Duk wata uku akwai takardar rahoto da nake cikewa in aika gida. Tana da layin yawan ɗalibai, da layin waɗanda suka karɓi bishara, da layin waɗanda aka yi wa baftisma. Layin farko yana hawa, sauran biyun sifili nake rubutawa. A shekara ta biyu aka aiko mini da tambaya a cikin ladabi: shin mai bishara muka aika, ko malamin darasin yamma? Wasu masu tallafa mini suka janye hannu. Ban ga laifinsu ba, domin kuɗin baiko ne, daga ciki har da na mata masu tuyar ƙosai, suna da ikon tambayar inda ya tafi. Ta ɗaya ɓangaren kuma wasu iyaye da suka ji bayanina sun ce sun gode, suka tafi da 'ya'yansu, wani mai wa'azi ma ya ambaci ajin a lasifika ya ja kunnen jama'a. Ya yi mini ciwo, amma haƙƙinsu ne. Gara a ƙi ni da sani, da a karɓe ni cikin rashin sani.

Kuma tsakani da Allah ba zan yi muku ƙarya ba: ni ɗan mishan ne na gaske. Ina so mutane su san Almasihu yadda na san shi, don haka na bar gida. Kowane dare nakan yi wa ɗalibaina addu'a, kowa da sunansa. Rubuta sifili a wancan layi bai taɓa zama mini abu mai sauƙi ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, so na da burina ba su ba ni izinin yaudara ba.

Shekarar 2019 ce ta gwada komai. A watan Yuni aka kama wani limami a Maraɗi kan sukar da ya yi wa wata dokar tsara harkokin addini, gari ya rikice, matasa suka ƙona wata majami'a a unguwar Zariya. A daren nan Alhaji mai hatsi ya zo da motarsa ya ce, “Mushe, ɗauko abin da za ka ɗauka.” A ɗakin baƙinsa na kwana biyu. Da safe ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ajina, shi da maƙwabta uku, suna shan shayi, duk wanda ya tsaya kallon ƙofar sai ya ce masa, “Wanga malami ya gaya muna ko shi wane ne tun ranar farko.” Ban ce gaskiya laya ce ba. Akwai masu gaskiya da suka fi ni waɗanda aka ƙona musu wuraren ibada. Amma na san da a ce da tsarin ɓoye-ɓoye na buɗe ajin, Alhaji ba shi da abin da zai faɗa a kan tabarmar nan.

A cikin wannan shekarar kuma gida ya biyo ni. 'Yan bindiga suka tsananta a Zamfara da gabashin Sakkwato da Katsina, mutane suka riƙa ƙetarawa Nijar da ƙafa, galibi mata da yara. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Zuwa watan Satumba hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun haura 40,000. Yawanci ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa suka sauke su, daga baya aka mayar da wasu wurare irin su Garin Kaka, wasu kuma suka shigo gari wajen dangi. Wata rana wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar aji tana kallona, can ta ce, “Kai ba ɗan malamin asibitin Dauran ba ne?” Daga wani ƙauye na kusa da mu ta fito da jikoki uku. Biyu sun kai aji huɗu da aji biyar a firamare, ga shi nan makaranta da Faransanci ake yi, tana tsoron ɗan abin da suka sani ya zube kafin a koma gida. Ba ta da ko dala. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ɗana, in ma cocinku kake so su riƙa zuwa, su je, in dai za su yi karatu su samu abin sawa a baki.”

Babu wanda ya tilasta mata. Da bakinta ta faɗa, kuma da na karɓa, da na samu abin rubutawa a layin da ya daɗe yana sifili. Amma wa ya yi maganar, ita ko yunwa? Na ce, “Inna, karatu daban, coci daban. Babu mai taɓa musu addininsu a nan.” Da Alhaji ya ji labari ya ce kuɗin makarantar duk yaron da ya gudo daga gida a wuyansa, sadaka ce. Muka buɗe musu aji na hantsi, bayan an tashi daga makarantar allo. Kuɗin Musulmi, allin Kirista, yaran kuma babu wanda ke bin su bashin komai.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa a lokacin wani labari ne da duk manomin Maraɗi ya sani. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na da rai, in aka rage tohon aka bar mai ƙarfi sai ya zama itace. Wannan shi ake kira sassabin zamani. Manoma suka ƙi, har yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Kowa ya bari. Da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawansu. Waɗanda suka bar nasu don sun ga amfaninsa da idonsu, su ne suka yaɗa abin daga gona zuwa gona, har ya mamaye miliyoyin eka a Nijar, shi kuma aka ba shi babbar lambar yabo a Suwidin a 2018. In itace ma da aka saya da hatsi yana faɗuwa ranar da buhu ya ƙare, ina ga bangaskiyar ɗan Adam?

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Ɗan tallafin da ya rage yana zuwa da ƙyar, in ya zo ma canjin naira zuwa sefa ya cinye rabinsa. Jikar nan ɗaya-ɗaya da aka yi ta yi mini surutu a kanta, ita ta biya haya ta sayi alli har na dawo gida a 2021. A cikin shekara huɗu mutane kaɗan sun zo gidana da ƙafarsu, galibi da dare, da tambayoyinsu. Abin da muka tattauna amanarsu ce, ba na rubutawa. Shi kuwa Alhaji, ranar da zan taho ya riƙe hannuna ya ce, “Mushe, halinka na Musulmi ne, kalma ɗaya ta rage maka, ina yi maka addu'a.” Na ce, “Alhaji, ni ma kullum kana cikin tawa.” Muka yi dariya, kuma babu mai wasa a cikinmu. Har yau muna waya, rabi da Hausa rabi da Ingilishinsa na ajami.

A watan Maris na 2025 Nijar ta fitar da sabon kundi da ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan masu neman Ingilishi za su ƙaru, masu buɗe aji ma za su ƙaru. Shawarata ga iyaye a can da nan ita ce su tambayi duk mai alli: wa ya aiko ka, wa ke biyan ka, bayan Turanci me kuma ke cikin ƙunshin? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. Kuma wannan ma'auni ba na 'yan mishan kaɗai ba ne. Ya hau kan duk mai kai rijiya ko buhun hatsi ƙauye, da sunan kowane addini ko kowace jam'iyya.

To, me ya kawo wannan magana zauren marubuta? Ku dubi abin da ya wanzu daga aikin 'yan mishan na farko a ƙasar Hausa. Schon ya zauna da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai, ya rubuta labaransa daga bakinsa, suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Bargery ya zo a matsayin ɗan mishan, ya koma aikin ilimi, ya bar mana ƙamus a 1934. Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, shi ma da mishan ya fara zuwa. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausar boko. John Tafida, mutumin Wusasa, shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran farko da suka biyo bayan gasar 1933. Sun zo ana yi musu kallon masu kawo Turanci, sai ga shi abin da suka bari mai ƙarko na Hausa ne. Shekara casa'in ke nan Musulmi da Kirista suna buɗe ƙamus ɗin Bargery ba tare da fargaba ba, domin abin da aka rubuta a bangonsa shi ne a cikinsa, kuma an yi aikin da kyau.

Mu ma marubuta muna da ajinmu da allonmu. Sau nawa muke rubuta “labari” a bango, mai karatu ya shigo, a shafi na talatin ya iske huɗuba ce aka lulluɓe da soyayya, taurarin kuma 'yan aike ne kawai da ba su da rai? Faɗakarwa ba laifi ba ce, tsohuwar gadonmu ce. In ita za ka yi, ka kira ta da sunanta, masu so za su zo. In kuma labari ka yi alkawari, ka ba da labari cikakke, ka yi wa mugun cikinsa adalci kamar yadda ka yi wa na kirki, ka bar mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Abin da ka yi imani da shi ba zai ɓata ba, zai fito a yadda ka riƙe amanar wanda ya ba ka lokacinsa. Mai karatu ba kifi ba ne.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.